Ƙaruwar Jini a Ƙwaƙwalwa Bayan Tsinkewar Jijiya da Tasirinta ga Farfaɗowar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Gabatarwa

Shanyewar ɓarin jiki, wadda a wasu wurare ake kira mutuwar ɓarin jiki ko bugun jini, ciwo ne da tushensa ke cikin ƙwaƙwalwa, ko da yake a hannu da ƙafa da baki ake ganin alamunsa. Likitoci sun kasa shi gida biyu. Na farko shi ne wanda gudan jini ke toshe jijiyar da ke kai wa wani sashe na ƙwaƙwalwa jini, har sashen ya rasa abinci da iska ya mutu. Na biyu kuwa shi ne wanda jijiyar ke tsinkewa, jini ya kwarara cikin naman ƙwaƙwalwa ya taru wuri guda. A kan wannan na biyun za mu yi bayani a wannan shafi, musamman a kan wani al'amari da binciken likitoci ya tabbatar, wato jinin da ya zuba ba lallai ne ya tsaya a lokacin da mutum ya faɗi ba. A wajen majinyata da yawa yakan ci gaba da ƙaruwa har tsawon awoyi, kuma gwargwadon ƙaruwarsa gwargwadon wahalar da za a sha kafin majinyaci ya miƙe, idan Allah Ya sa yana da sauran kwana.

Mun ga ya dace mu kawo wannan bayani ga mazauna karkara da shugabannin al'umma da jami'an ƙananan hukumomi, saboda awoyin da jinin ke ƙaruwa a cikinsu galibi a gida ake cinye su, ko a bakin hanya ana neman mota.

Yawan ciwon a yankinmu

A ƙasashen Turai da Amurka, zubar jini cikin ƙwaƙwalwa bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu shanyewar ɓarin jiki ba. A Afirka ta Yamma lamarin ya sha bamban. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan yana cikin jagororinsa, ya tattara majinyata 2,118 daga asibitocin Nijeriya da Gana, ciki har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya. Sakamakon da aka fitar a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 32 cikin ɗari na majinyatan zubar jini ne ya kayar da su, wato kusan mutum ɗaya cikin uku. A tsakanin waɗanda ba su kai shekara 50 ba kuwa, abin ya kai kimanin rabi. Binciken ya kuma nuna cewa hawan jini ne uban tafiyar, domin kusan kashi 90 cikin ɗari na ciwon ana iya danganta shi da shi.

Wannan nau'i shi ne mafi kisa. Ƙididdigar da aka haɗa daga ƙasashe daban-daban a shekarar 2010 ta nuna cewa kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda jini ya zuba musu a ƙwaƙwalwa kan rasu cikin wata guda. Kuma mu lura, waɗanda abin ke shafa a wurinmu sau da yawa magidanta ne da matan aure masu sauran ƙarfi, waɗanda gona da kasuwa da tarbiyyar yara ke wuyansu.

Yadda jinin ke ƙaruwa

Ƙoƙon kan babban mutum rufaffen akwati ne na ƙashi, ba ya buɗewa balle ya ba da wuri. Ƙwaƙwalwa da ruwan da ke kewaye da ita da jinin da ke gudana cikin jijiyoyi sun riga sun cika shi. Saboda haka duk jinin da ya fita daga jijiya sai ya ture wani abu kafin ya sami mazauni, kuma abin da zai ture ɗin shi ne naman ƙwaƙwalwa, wanda ke da laushi ƙwarai.

Hawan jini na shekara da shekaru yakan raunana ƙananan jijiyoyin da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda wasunsu ba su fi zaren ɗinki kauri ba. A nan ne hanyoyin saƙon da ke motsa hannu da ƙafa suka haɗu suka bi ta wata 'yar siririyar mashiga, shi ya sa jini kaɗan a wannan wuri kan shanye ɓari guda sukutum. Idan jinin ya zuba a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, ɓarin hagu ne zai shanye, idan kuma a hagu ne sai ɓarin dama ya shanye, sau da yawa har da ɗaukewar magana.

A shekarar 1971 wani likita ɗan asalin Kanada da ya yi aiki a Amurka, C. Miller Fisher, ya duba ƙwaƙwalwar waɗanda wannan ciwo ya kashe, sai ya tarar da ƙananan jijiyoyi da dama a tsinke a gefen curin jinin. Daga nan ya yi bayanin cewa jijiyar farko idan ta tsinke, jinin da ya fito yakan miƙar da jijiyoyin da ke maƙwabtaka da ita har su ma su tsinke, su kuma su tsinka na gaba da su. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san irin wannan. Idan kunya ɗaya ta ɓalle, ruwan da ya fita shi ke cinye ta kusa da ita, kafin a ankara fage ya zama tafki. Abin da ke tsayar da zubar shi ne daskarewar jinin da kuma matsin naman da ke kewaye. Abin da ke hana ta tsayawa kuwa shi ne ƙarfin bugun jini idan ya yi sama sosai, da kuma tsinkewar jini idan mutum yana shan maganin da ke hana shi daskarewa.

Yadda ake auna jinin

Ido ba ya iya bambance toshewar jijiya da tsinkewarta, ko da idon ƙwararren likita ne. Sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar da ake kira siti-sikan, inda sabon jini ke fitowa fari tas a cikin hoton. Likita kan auna tsawon curin da faɗinsa da zurfinsa, ya ninka su, ya raba biyu, sai ya sami kimanin yawan jinin a ma'aunin mililita. Domin sauƙin fahimta, cokalin shayi ɗaya mililita 5 ne. Mililita 30 bai kai girman ƙwan zabuwa ba, mililita 60 kuwa ya yi kusan babban ƙwan kaza.

Wannan ɗan bambanci na cokula shida yana da nauyi matuƙa. Wani bincike da aka yi a birnin Sinsinati na Amurka a shekarar 1993 ya gano cewa majinyatan da jininsu bai kai mililita 30 ba, kuma suna cikin hayyacinsu gwargwado, kashi 19 cikin ɗari ne suka rasu cikin kwana 30. Waɗanda jininsu ya kai mililita 60 ko ya wuce, kuma suka yi dogon suma, kashi 91 cikin ɗari suka rasu. Ke nan mutum zai iya faɗuwa yana cikin rukunin farko, kafin la'asar ƙaruwar jini ta mayar da shi rukuni na biyu.

A ƙa'idar da yawancin masu bincike ke bi, ana cewa jini ya ƙaru ne idan hoto na biyu ya nuna ya daɗu da fiye da kashi ɗaya cikin uku na girmansa na farko, ko da fiye da mililita 6.

Abin da bincike ya nuna game da ƙaruwar

A da likitoci da yawa sun ɗauka cewa zubar takan ƙare cikin 'yan mintoci, kuma duk taɓarɓarewar da ta biyo baya kumburi ne ke kawo ta. Binciken da Thomas Brott da abokan aikinsa suka fitar a shekarar 1997 shi ya sauya wannan fahimta. Sun ɗauki majinyata 103 da suka isa asibiti cikin awa 3 da faɗuwa, suka yi musu hoto da zuwansu, suka sake bayan awa 1, suka kuma sake bayan awa 20. A wajen kashi 26 cikin ɗari jinin ya ƙaru sosai cikin awa ɗayar nan kacal, wasu kashi 12 kuma nasu ya ƙaru daga baya. Jimla kashi 38 cikin ɗari ke nan, fiye da mutum ɗaya cikin uku.

Mafi yawan ƙaruwar tana faruwa ne cikin awa 3 zuwa 6 na farko. Bayan kwana guda ba ta cika aukuwa ba, sai a wajen masu shan maganin tsinka jini, waɗanda tasu zubar kan ɗauki lokaci mai tsawo.

A shekarar 2006 Farfesa Stephen Davis na ƙasar Ostireliya da abokan aikinsa suka haɗa bayanan majinyata 218 domin su ga alaƙar wannan ƙaruwa da makomar majinyaci. Likitoci suna da wani ma'auni mai hawa daga 0 zuwa 6 da suke auna farfaɗowa da shi: 0 shi ne wanda ya warke sarai, 2 wanda ke iya kula da kansa ko da bai koma duk ayyukansa ba, 4 wanda ba ya iya tafiya sai an riƙe shi, 5 wanda ke kwance sai an yi masa komai, 6 kuma wanda ya rasu. Sun gano cewa duk ƙarin kashi 10 cikin ɗari na girman jinin yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 5 cikin ɗari, yana kuma ƙara yiwuwar majinyaci ya gangara hawa ɗaya a wannan ma'auni da kashi 16 cikin ɗari. Hawa ɗaya a takarda ƙaramin abu ne. A cikin gida kuwa shi ne bambancin dattijon da ke dogara sanda ya tafi masallaci da wanda sai an kama shi zuwa bayan gida, ko bambancin matar da ke iya ɗora tukunya da wadda sai an cire yarinya daga makaranta ta zauna jinyarta.

Dalilin wannan alaƙa a fili yake. Jinin da ya ƙaru yana yaga ƙarin hanyoyin saƙo, kuma waɗanda suka yage ba sa komawa yadda suke. Yana iya fasawa ya shiga ɗakunan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa ya toshe magudanarsu, ruwa ya taru, matsi ya ƙaru. Haka nan babban curi yakan jawo babban kumburi a kwanakin da ke biye, wanda kan iya kai mako biyu yana damun majinyaci. Idan matsin ya yi yawa sai ya danne tushen ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi da farkawa.

Akwai abubuwa huɗu da ke shafar makomar majinyaci tun daga farko, wato shekarunsa, wurin da jinin ya zuba, yawan jinin da ya riga ya zuba, da zurfin suman da ya yi. Babu ɗaya daga cikinsu da likita zai iya sauyawa bayan an kawo majinyaci. Ƙaruwar jinin ce kaɗai ke gaba, ba ta riga ta faru ba, shi ya sa hankalin masu bincike ya koma kanta.

Waɗanda jininsu ya fi saurin ƙaruwa

Wani nazari da aka fitar a shekarar 2018, wanda ya haɗa majinyata fiye da 5,000, ya nuna cewa ƙaruwar ta fi yawa a wajen wanda curinsa babba ne tun farko, da mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, da mai shan asfirin da danginsa, da kuma wanda aka yi wa hoto da wuri. Wannan na ƙarshen yana bukatar bayani, kada a yi masa gurguwar fahimta. Zuwa da wuri ba shi ke sa jini ya ƙaru ba. Wanda ya zo da wuri an same shi ne zubar ba ta tsaya ba, akwai abin da za a iya yi masa. Wanda ya kwana biyu a gida kuwa nasa jinin ya gama ƙaruwa a ɗaki, babu wanda ya gani.

Har ila yau, tun shekarar 2007 likitoci a birnin Toronto na Kanada suka bayyana cewa idan aka yi wa majinyaci allurar ruwan da ke haska jijiyoyi kafin hoto, wani lokaci akan ga ɗan ɗigo mai haske a tsakiyar curin. Wannan ɗigo alama ce ta inda jinin ke fita a daidai lokacin, kuma masu shi sun fi shiga haɗari.

Ƙoƙarin tsayar da zubar

Tun da aka gane haka, sai aka yi zaton duk maganin da ya rage ƙaruwar jini zai tayar da majinyata. Al'amarin bai zo da sauƙi haka ba. A shekarar 2008 aka fitar da sakamakon gwajin wani magani mai tsada da aka yi tun asali domin masu ciwon rashin daskarewar jini. An gwada shi a kan majinyata 841. Ya rage ƙaruwar jinin, amma bayan wata uku babu bambanci a yawan waɗanda suka rasu ko suka nakasa, kuma an sami ƙarin toshewar jijiyoyi a wajen waɗanda aka ba da yawa. A shekarar 2018 aka gwada taranizamik, maganin da ma'aikatan ɗakin haihuwa suka sani wajen tsayar da zubar jini bayan haihuwa, a kan majinyata 2,325 ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Nottingham ta Ingila. Shi ma ya ɗan rage ƙaruwar da mace-macen makon farko, amma a kwana na 90 farfaɗowar ɓangarorin biyu ɗaya ce. Akwai ma gwajin shekarar 2016 da ya nuna cewa ƙara wa masu shan asfirin ƙwayoyin daskarar da jini ya ƙara musu illa maimakon sauƙi.

A ganinmu darasin da ke nan shi ne mililita kaɗan da waɗannan magunguna suka rage ba su isa su rinjayi sauran matsalolin da ke kan majinyaci ba, musamman da yake da yawa an ba su maganin ne bayan jinin ya riga ya yi ɓarnarsa. Saboda haka duk wanda ya ce yana da allura ko ƙwaya guda da ke tsayar da jinin ƙwaƙwalwa a kemis ko a gida, a yi hattara da shi.

Inda aka fi samun nasara shi ne wajen saukar da hawan jini cikin tsari. Gwajin INTERACT2 na shekarar 2013, mai majinyata 2,839, ya nuna cewa saukar da lambar sama ta awon jini zuwa ƙasa da 140 cikin awa guda ba shi da haɗari, kuma akwai alamun yana inganta farfaɗowa. Gwajin ATACH-2 na shekarar 2016, mai majinyata 1,000, ya nuna cewa zarce wa haka da saukarwa mai tsanani ba ta ƙara amfani, sai ma ta taɓa ƙoda. Saboda haka ƙa'idar da ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fitar a shekarar 2022 ta ba da shawarar a riƙe lambar tsakanin 130 da 150, a sauke ta a hankali ba tare da hawa da sauka ba. Wannan aiki ne na allura ta jijiya da awo a kai a kai, a gadon asibiti.

Gwajin da ya fi shafarmu shi ne INTERACT3, wanda mujallar The Lancet ta buga a shekarar 2023. An yi shi a asibitoci 121 na ƙasashe 10, ciki har da Sin da Indiya da Fakistan da Burazil da Nijeriya, a kan majinyata 7,036. Babu wani sabon magani a cikinsa. An dai tsara wa ma'aikata abubuwa huɗu da za su yi tare cikin gaggawa: saukar da hawan jini zuwa ƙasa da 140, daidaita sukarin jini, sauke zazzaɓi, da warware aikin wafarin ga mai shan sa. Bayan wata 6 majinyatan da aka yi wa wannan tsari sun fi farfaɗowa, mace-mace kuma sun ragu. Muna jan hankalin jami'an lafiya ga wannan sakamako, domin mafi yawan abin da tsarin ke bukata shi ne na'urar awon jini, ta awon sukari, ma'aunin zafin jiki, magungunan da aka saba da su, da ma'aikacin da ba zai bar gefen gadon ba.

Me ya sa ba za a saukar da hawan jinin tun daga gida ba?

Wannan tambaya ce da mai hankali zai yi, kuma an gwada amsarta. A shekarar 2024 aka fitar da sakamakon gwajin INTERACT4 da aka yi a ƙasar Sin, inda aka fara saukar da hawan jinin majinyata tun cikin motar asibiti, kafin a yi hoto. Majinyata 2,404 ne suka shiga. Waɗanda daga baya aka gano zubar jini ce ta same su sun amfana ƙwarai. Waɗanda toshewar jijiya ce ta same su kuwa sun cutu, domin ƙwaƙwalwar da jini ya yanke mata tana bukatar ƙarfin bugun ya tura mata ɗan abin da zai samu. Da aka haɗa duka, riba da hasara suka cinye juna.

Haka batun asfirin yake. Yana da amfani ga mai toshewar jijiya, amma ga mai zubar jini ƙara wa wuta fetur ne. Tun da alamun iri biyun ɗaya ne a ido, bai halatta a ba majinyaci asfirin ko a tura masa ƙwayar hawan jini ƙarƙashin harshe ba kafin a san wanne ne ya same shi.

Batun tiyata

Jama'a kan tambaya ko ba za a buɗe kai a kwashe jinin ba. Babban gwajin shekarar 2005 mai majinyata 1,033 bai nuna cewa tiyatar gaggawa ta fi jinyar magani ga kowa da kowa ba. Amma idan jinin ya zuba a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya kuma yana da yawa, tiyata takan ceci rai, haka ma sanya siririn bututu domin zuƙe ruwan da ya taru. A shekarar 2024 wani gwaji a Amurka mai majinyata 300 ya nuna cewa kwashe jinin ta ƙaramar ƙofa yana taimaka wa waɗanda nasu ke kusa da saman ƙwaƙwalwa. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne ke yanke wannan hukunci bayan ya ga hoto.

Abin da ya kamata iyali su yi

Alamun farko su ne karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa a ɓari guda, sarƙewar harshe ko rasa magana, jiri da kasa tsayuwa, duk a lokaci guda ba zato. Ciwon kai mai tsanani da amai sun fi zuwa tare da zubar jini. Alamun da ke nuna jinin yana ƙaruwa kuwa su ne amai ya yawaita, ɓarin da ke ɗan motsi ya daina, mai amsa kira ya koma sai an girgiza shi, sannan ya shiga barci mai nauyi da minshari. Wannan barci shi ne ya fi yaudarar iyali, sai a ce a bar shi ya huta tun da ya samu ya runtsa, alhali suma ce ke shigarsa.

A lura da lokacin da abin ya fara, ko lokacin ƙarshe da aka gan shi lafiya, ko da da lokutan salla ne, domin shi ne abin da likita zai fara tambaya. A kwantar da shi a kan gefensa, a ɗan ɗaga kansa, a sassauta masa tufafi. Kada a ba shi komai ta baki, ko ruwa ko kunu ko jiƙo ko rubutu, saboda maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai, abin da aka ɗura masa kan faɗa huhu ya zama ciwon da zai iya kashe shi ko da jinin ya tsaya. Kada a yi masa ƙaho ko tsaga. A kwashe duk magungunan da yake sha a tafi da su cikin kwalayensu, musamman idan yana da ciwon zuciya ko an taɓa sa masa maganin tsinka jini. Mun san cewa a wurare da yawa akan danganta irin wannan faɗuwa da iska ko sammu. Addu'a ba ta hana tafiya, ana iya yin ta a cikin mota.

Mace mai ciki ko mai jego da ta sami irin waɗannan alamu, ko jijjiga da ciwon kai mai tsanani, ita ma a garzaya da ita haka nan.

Kira ga shugabanni da jami'ai

Muna kira ga iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, da shugabannin sassan lafiya na ƙananan hukumomi da kwamitocin raya mazaɓu, da su san tun kafin bukata ta taso wane asibiti ne mafi kusa da su da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa mai aiki, su kuma ajiye lambar wayar da za a kira a tabbatar. Yawo da majinyaci daga kemis zuwa ƙaramin asibiti zuwa wani ƙaramin asibitin shi ke cinye awoyin nan 3 zuwa 6. Aikin cibiyar lafiya ta matakin farko shi ne ta auna sukarin jini nan take, domin faɗuwar sukari kan yi kama da wannan ciwo kuma ana warkar da ita cikin mintoci, ta auna hawan jini, ta rubuta lokacin da abin ya fara, ta tura majinyaci gaba ba tare da ta kwantar da shi ana sa masa ruwa ba. A jihohin Arewa da dama an yi tsarin da direbobin ƙungiyar sufuri ke kai mata masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. Al'ummar da ke da irin wannan tsari za ta iya faɗaɗa shi ya haɗa da wanda ɓarinsa ya shanye. Haka kuma asusun taimakon juna na gari zai rage jinkirin da neman kuɗin hoto ke jawowa.

Bayan jinin ya tsaya

Idan majinyaci ya tsallake kwanakin farko, jiki da kansa yakan tsotse curin jinin a hankali cikin makonni zuwa watanni, kumburin ya sauka, sassan da aka danne amma ba su yage ba su dawo aiki. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ta hana saurin yanke ƙauna a kwana biyun farko. Wani nazari na shekarar 2022 ya bi majinyatan da suke kwance ko ba sa iya tafiya da kansu bayan wata guda, ya tarar fiye da kashi 40 cikin ɗari sun sami kyakkyawan sauƙi kafin shekara ta zagayo. Mafi yawan sauƙin yakan zo cikin wata 3 zuwa 6 na farko, kuma yana tafiya ne da gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi kullum, da juya majinyaci duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya, da ciyar da shi yana zaune.

Wanda jijiya ta taɓa tsinke masa yana cikin haɗarin ta sake, kuma maganin hawan jini ne ke rage wannan haɗari. Ana shan sa ne kullum har tsawon rayuwa, ko da mutum yana jin garau, tare da awo a kai a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin lissafin har da dunƙulen ɗanɗano da kanwa da ake sa wa miya.